"Yana Nan Tafe": Mu Daina Sayar Da Kifi A Ruwa

Wannan makon ni aka ɗora wa rubutun, kuma zan fara da tona wa kaina asiri, don kada wani ya ce habaici na zo yi masa.

Shekara uku ke nan da na biya wani yaro mai haɗa hotuna a kwamfuta ya yi mini bangon littafi. Ya kuwa iya aikinsa. Ga budurwa zaune a goshin kwale-kwale, ga rana tana faɗuwa a bayan tafki, ga sunana da manyan baƙaƙe, can ƙasa kuma an rubuta "Yana nan tafe". Daren da na ɗora shi a Facebook ban kwanta da wuri ba. Addu'o'i suka yi ta zuba: Allah Ya ƙara basira, Allah Ya ɗaukaka, muna nan muna jira. Abokan da muka yi difloma tare a Birnin Kebbi suka shiga kirana marubuci, har wani ya laƙaba mini "Imam na bakin ruwa". A lokacin babi huɗu kacal na rubuta, na huɗun ma bai kai ƙarshe ba. Har yau da nake wannan rubutu littafin bai fito ba.

Kwanakin baya, ran kasuwar Wara, ina tsaye ina cinikin albasa sai na ji an ce daga bayana, "Marubuci, ina littafinmu?" Ƙawar yayata ce. Tana cikin mutum goma sha tara da suka turo mini naira 500 tun wancan lokaci, don in sa su a zauren WhatsApp da za a riƙa sakin labarin. Cikin raha ta yi tambayar. Na ce mata, "Yaya, yana nan tafe." Sai da maganar ta fita daga bakina na ji nauyinta, domin ita ce dai wadda ke jikin bangon, kuma ta shekara uku tana tafe.

Ku duba shafukanmu a 'yan watannin nan. Da wuya mako ya wuce ba a ga sabon bango ba, kuma galibi na waɗanda ba su taɓa fitar da littafi ba ne. Wasu har sun sa rana: bayan ƙaramar Sallah, bayan babbar Sallah, farkon shekara. Ina murna da yawan masu sha'awar rubutu, musamman a nan yankinmu na Yawuri da Ngaski da Shanga, inda a da sai dai mu karanta na Kano da Zariya. Ni ma ina cikin masu ɗokin ganin waɗannan littattafai. Amma ra'ayina, wanda na saya da tsada, shi ne sabon marubuci bai kamata ya yi bango ba, bai kamata ya sa rana ba, balle ya karɓi ko kwabo, sai ranar da ya rubuta "Alhamdulillahi" a ƙasan shafin ƙarshe.

Abu na farko da shelar wuri ke yi wa mutum shi ne ta ciyar da shi ladan aikin da bai yi ba. Mu faɗa wa juna gaskiya, akasarinmu abin da ya ja mu ga rubutu har da son a ce mun iya. To ga shi an ce ka iya, an kira ka marubuci, an yi maka addu'a, tun kana babi na huɗu. Yunwar da za ta tashe ka da asuba ka zauna gaban takarda ta riga ta kwanta. Ni dai na lura bayan na saki bangon nan, lokacin da na ɓata wajen amsa tsokaci ya ninka wanda na ba labarin. Kowace safiya sai na buɗe in ga mutum nawa suka ƙaru. Labarin kuwa yana nan inda na bar shi, jarumin ya ɗaga ƙafa zai shiga jirgi, ya yi wata takwas bai sauke ta ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ta fi ci mini rai. Duk wanda ya zauna gaban malam har aka kai babin ciniki a Risala ya ji an hana sayar da kifin da ke cikin kogi ko tafki, saboda ba a san ko zai kamu ba, ba a kuma san yawansa ba. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Amma mu da muka tashi a bakin ruwa mun san wannan tun kafin mu karanta shi. Basarke zai iya kwana yana jan taru ya dawo da abin da bai isa miya ba, gobe kuma giwan ruwa ya faɗo masa. Ko ya kai shekara arba'in a sana'ar ba ya rantsuwa a kan abin da bai fito da shi tudu ba. Sabon marubuci fa? Bai taɓa kai labari ƙarshe ba. Bai san yadda tsakiyar littafi ke shaƙe mutum ba, wurin nan da ɗokin farawa ya ƙare, ƙarshen kuma bai hango ba. Shi kansa bai san ko zai iya ba, amma ya riga ya karɓi kuɗin mutane. Naira 500 ba ta da yawa a idon wani, amma wadda ta turo maka ita wataƙila daga kuɗin cefane ta tsakura, ko ta haƙura da data na kwana biyu. Kuma in ta ƙone a hannunka, gobe in wani sabon marubuci na gaskiya ya zo da littafinsa kammalalle, ba za ta saya ba. Kai ka ci, shi ya biya.

Mu waiwaya baya kaɗan. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Abin da gasar ta haifar kowa ya san shi: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abin da muke mantawa shi ne waɗannan duk littattafan fari ne. Imam shekararsa 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne a Bauchi, bai ma kai Imam shekaru ba. Sa'o'inmu ne, wasunmu ma sun girme su. Ba wanda ke jiran littattafansu, don ba wanda ya san suna rubutawa. Sun zauna sun gama, sun miƙa, rubutun ya bi ta hannun mai gyara, sannan duniya ta ji. Kuma ku duba kaurinsu: a zama ɗaya za ka karance Ruwan Bagaja. Shaihu Umar, wannan ɗan siririn littafin, an fassara shi zuwa Ingilishi, an mayar da shi wasan kwaikwayo, a 1976 kuma Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa. Mu kuwa tun a bango muke alƙawarin littafi na ɗaya zuwa na huɗu.

Haka So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, ake kuma ɗaukarsa littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Rubutaccen labari ta shiga gasa da shi. Alƙalan gasa ba sa duba bango.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini shi a taron ƙungiyarmu. Za su ce ai talla tun kafin fitowa ba yau aka fara ba. Gaskiya ne. Duk wanda ya karanta littattafan Kano na shekarun 1990 ya san a shafukan baya akan jera sunayen littattafai masu fitowa, kuma labari kan tsaya a daidai inda ya fi daɗi, a ce mu haɗu a littafi na biyu. Akwai dalili. Marubucin da kuɗinsa yake bugawa, ba shi da kamfanin da zai tsaya masa, sai na ɗaya ya sayu yake samun abin buga na biyu. Ban raina wannan dabara ba, ita ta raya adabinmu lokacin da manyan kamfanoni suka ja baya. Sai dai a lura da abu biyu. In Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ko Ado Ahmad Gidan Dabino ko Hajiya Bilkisu Funtuwa suka ce wani littafi na tafe, mai karatu yana riƙe da wanda ya gabata a hannunsa. Wannan shi ne jinginarsu. Kai da ba ka taɓa fitar da komai ba, me ka ajiye? Na biyu, ku tambayi yayyenmu da suka yi karatun wancan zamani, kusan kowace za ta tuna wani labari da ta karanta na ɗaya da na biyu, ta yi ta zarya wurin mai haya tana neman na uku har ta gaji. Sunayen waɗancan marubuta yau ba mai tuna su.

Wasu kuma za su ce tsarin onlayin daban ne, ana rubutawa ana saki kullum, kuma matsin masu karatu shi ke sa mutum ya dage. Na yarda akwai waɗanda hakan ya yi wa rana, na san marubuta mata da suka kai littattafai da yawa ƙarshe ta wannan hanya, kuma ina jinjina musu. Amma su sun riga sun san ƙarfin hannunsu. Sabon shiga kuwa, da zarar ya saki shafi goma, filafilin jirgin ya bar hannunsa. Wannan ta ce a kashe kishiyar nan, waccan ta ce wallahi in aka raba su ta daina karantawa. Wanda bai taɓa gama labari ba ba shi da ƙarfin zuciyar da zai ce musu a'a, sai ya yi ta bin bakinsu har ya manta inda ya nufa. Ga kuma halin rayuwa: jarrabawa, jinya, waya ta faɗa ruwa, ko rashin wuta, mu da ke zaune a bakin tafkin da ke ba ƙasa lantarki amma sai mun kai waya wurin mai caji. Kwana uku ba ka saki shafi ba an fara zagi. In kana son sakin labari kullum, ba wanda ya hana. Ka gama shi tukuna, ka ajiye, sannan ka riƙa gutsurowa. Mai karatu ba zai san bambanci ba, kai ne za ka yi barci.

Amma duk waɗannan ƙananan asara ne in aka gwada da wadda zan faɗa yanzu. Bango yana kulle labari tun bai san kansa ba.

Littafina na soyayya na yi niyya, shi ya sa aka zana budurwa a kwale-kwale. Don in ƙawata wurin da labarin ke faruwa, sai na je wurin wani ƙanen kakana, muna ce masa Baba, in tambaye shi yadda rayuwar tsibiri take a da. Yana saurayi lokacin da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya hau, aka tashi sama da mutum 40,000 daga garuruwansu, tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran Gungawa da dama suka bi ta. Na tafi neman abin ado, sai na tarar da littafin gaba ɗaya zaune a kan tabarma. Ya ba ni labarin yadda aka zo aka gaya musu ruwa zai kai har inda suke, tsofaffi suka yi dariya, don sun san iyakar kogin tun kaka da kakanni. Ya gaya mini yadda mahaifiyarsa ta ƙi shiga jirgi sai da aka ciro mata dutsen niƙanta. Ya ce fadamar da suke noman albasa ita ta fara tafiya, sannan maƙabarta. Ya ce gidajen siminti da aka gina musu a tudu ba su taɓa yi masa kama da gida ba. Ya ce har ya tsufa, in yana cikin jirgi suka zo daidai wani wuri, yakan sa a daina tuƙi ya yi wa iyayensa addu'a, domin ya san suna ƙasa.

Na dawo gida na san wannan ne littafin da ya kamata in rubuta. To amma na riga na sayar wa mutum goma sha tara soyayya. Na riga na sa suna, na sa hoto, na sa rana. Sai na shiga ƙoƙarin cusa labarin Baba cikin rigar da ba tasa ba, ya ƙi shiga, ni kuma kunya ta hana ni fitowa in ce na sauya. Na ce bari in gama wannan na soyayyar da sauri in sallami mutane, daga baya in koma wurin Baba mu zauna sosai. Sau biyu kawai na zauna da shi. Da daminar bara Allah Ya yi masa rasuwa. Abin da ya rage mini muryarsa ce a waya, ba ta cika awa ɗaya ba, rabinta ma kukan awaki ya rufe. Allah Ya jiƙansa.

Ku yi lissafi da kanku. Wanda ke da shekara 20 a 1968 yau ya doshi 80. Su ne na ƙarshe da suka ga garuruwan nan da idonsu. Kowace shekara da muka ɓata muna gasar bango, wasunsu na tafiya. Kuma ba wannan kaɗai yankinmu ke da shi ba. Akwai jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 da rayuka masu yawa. Akwai ɗaliban da aka sace a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin shekarar. Akwai samarin da suka bar gona da ruwa suka tafi haƙar zinare. Wanda zai taɓa irin waɗannan sai ya zauna da mutane, ya saurara, ya nemi izini, ya rubuta ya yage. Wanda ya sa wa kansa bayan Sallah ba zai iya wannan ba, shi ya sa za ka ga yaron da bai taɓa wuce Kwantagora ba ya kai labarinsa Dubai, ya cika shi da jiragen sama da gidajen gilashi. Wancan ya fi saurin rubutuwa, don ba wanda za ka tambaya.

In kuka tambaye ni littattafan fari da na fi ɗokin gani, guda biyu ne, kuma babu mai bango a cikinsu. Ɗaya wata matar aure ce a Wara take rubuta shi da biro a littafin makaranta, a kan mata masu bandar kifi da bashin da ke tsakaninsu da masunta. Ta ba ni babi biyu na karanta. Akwai wurin da uwa ke ƙirga kifi tana ƙirga kwanakin auren 'yarta a lokaci guda, lissafin ya ƙi haɗuwa, na ajiye littafin na yi shiru. Ɗayan wani malamin firamare ne ta wajen Shanga, yana rubuta labarin ɗalibinsa mafi ƙoƙari da ya bar aji ya tafi ramin zinare. Shekararsa biyu a kai, ya sake farkon sau uku. Kada ku tambaye ni sunayensu, sun hana, kuma ina ganin sun fi ni hankali.

Mu masu tsokaci ma muna da namu kason laifin. In yaro ya ɗora bango, cewa muke "yaushe zai fito?" Da wuya ka ji wanda ya ce, "Babi nawa ka rubuta? Turo in duba maka." Addu'a ba ta da wuya, karanta shafi talatin na rubutun da bai nuna ba shi ne aiki.

Shi ya sa na kawo shawara a ƙungiyarmu cewa kada a ɗora bangon littafin farko na kowane mamba a shafin ƙungiya sai mutum biyu sun karanta shi daga farko har ƙarshe sun shaida ya kammala. Wani babba a cikinmu, wanda nake girmamawa, ya ce, "Ɗana, wannan zai kashe wa yara gwiwa." Na ce masa, Malam, ba a hana su nuna aiki ba. Su kawo babi a karanta a gyara, su kawo tsarin labari a tattauna, su yi kukan inda suka maƙale. Bango da rana da kuɗi kawai za a jinkirta. Wanda kuma yake jin ƙaiƙayin a san da shi, ya fara da gajere ya kai shi ƙarshe. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, kalma 1,000 zuwa 1,500 take nema. Aisha Muhammad Sabitu da ta ci ta farko da Sansani, da Maryam Umar ta Sakkwato da ta ci a 2020 da Rai da Cuta, gamammen labari suka tura, kuma da shi aka san su. Maza da gasar ba ta shafa ba, ba abin da ya hana mu ɗaukar wannan ma'auni mu gwada kanmu. Har yanzu ba a yanke hukunci a kan shawarar ba, an ce sai zama na gaba, kuma ina son jin ra'ayinku kafin nan, musamman waɗanda ba su yarda da ni ba.

Ni dai bayan haɗuwarmu da ƙawar yayata na koma gida na goge bangon. Na bi mutum goma sha tara ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri na mayar musu da kuɗinsu. Sha shida sun karɓa. Uku sun ƙi, har da ita, ta ce in riƙe, ita littafi ta saya ba kuɗi ba. Yanzu ina babi na goma sha ɗaya. Budurwar kwale-kwalen ta fita daga labarin, sunan ma na sauya shi, ba zan kuma faɗe shi ba. An kwatanta mini wata tsohuwa da suka yi maƙwabtaka da su Baba a tsibiri kafin ruwa ya hau, an ce har yanzu tana da ƙarfin magana in aka same ta da hantsi. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan je, na riga na sayi goro da sabulu, na kuma ari wayar da ta fi tawa ɗaukar murya.